Wa Ya Rufe Karofin Magajiya?

Masu komowa daga sallar asuba ne suka fara gani. Karofin unguwar Magajiya, wurin rinin da kakanni suka tarar kakanninsu na aiki a kai, an wayi gari babu shi. Rijiyoyin rini huɗu da suka rage a tsakiyar filin duk an rufe su, jar ƙasa ce tsibi-tsibi a inda bakunansu suke jiya. Kafin rana ta ɗaga wurin ya cika maƙil, har mata suna leƙowa ta kan katanga.

Ɗan unguwa ba sai an gaya masa nauyin wannan abu ba. Tun da ma'aikatan Abuja suka gano hayar ɗaki ta fi sauƙi a Suleja, duk inda akuya za ta iya kwanciya an aza masa bulo. Filin karofi kaɗai ya tsira, shi da tsohuwar tsamiyarsa, nan yara ke wasa, nan dattawa ke shan iska bayan la'asar. Kwamitin unguwa ya sha zirga-zirga kafin jami'an adana kayan tarihi su yarda za su zo su duba. In sun ga rijiyoyin, za a killace wurin ya zama na tarihi da shaƙatawa. Sharaɗinsu ɗaya, kada a taɓa komai kafin su iso. In kuwa babu rijiyoyi, to fili ne kamar kowane fili, masu neman fuloti kuma ga su nan sun zuba ido.

Ba a wahalar da kai wajen tambayar wanda ya aikata ba. Kowa ya ce Faruk ne.

Faruk direban tifa ne, mutumin Funtuwa, yana ɗiban yashi zuwa gine-ginen Abuja, yana haya a gidan Alhaji Tanimu da ke bakin filin. A makon da ya wuce 'yarsa Umaima, 'yar shekara huɗu, ta faɗa ɗaya daga cikin rijiyoyin, ga shi ruwan damina ya cika su. Allah ya sa Malam Khamis na zaune a gindin tsamiya. Shi ne marini na ƙarshe a unguwar, kuma shugaban kwamitin kare karofin. Tsohon ya kwanta rub da ciki ya cafko ƙafar yarinyar. Da yamma Faruk ya tsaya a ƙofar masallaci, ya rantse sai ya kawo tifa ya cike ramukan nan. Malam Khamis ya miƙe a gaban kowa ya mayar masa da tasa rantsuwar: duk wanda ya taɓa karofi kafin jami'ai su zo zai bar unguwar nan, ko da ɗan cikinsa ne. Jama'a suka ce sun yarda.

To, baki shi ke yanka wuya. Mai unguwa Abdulƙadir ya ce za a zauna ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci. In ba a sami wani mai laifin ba, Faruk zai kwashe iyalinsa. Don kada a ce ba a bincika ba, sai ya aika a kira Bamalli.

*

Bamalli ya yi ƙuruciyarsa yana bin sawun shanun sata a dazukan Gawu, har tsufa ya dawo da shi gari ya zama shugaban 'yan sintirin unguwa. Mutum ne mai ƙarancin magana da yawan tsaki. Da ya iso ya ga yadda aka tattake filin, tsakin ya fara ja.

"Kun gama aikin ai," in ji shi. "Ko raƙumi ne ya wuce nan kun shafe shi. Ku ja baya, don Allah."

Ya bar tsakiyar filin ya bi gefe-gefe, sandarsa a bayan wuya, idonsa a ƙasa. Sawun tayar tifa na nan, amma a bakin kwata ya tsaya, inda Faruk ya saba ajiye motarsa kullum. Daga nan zuwa rijiyoyin tsakuwa ce, ba ta riƙe sawu, don haka ba zai rantse cewa motar ba ta shiga ba. Sai can ta yamma, inda ƙafafun jama'a ba su kai ba, ya ga wani siririn layi a cikin danshi, ya je ya dawo, ya je ya dawo. Baro ne, mai ƙafar ƙarfe. Ya bi shi a hankali har ya kai shi gindin tulin jar ƙasa, a gaban sabon ginin da Alhaji Tanimu ke tayarwa.

Bai gaya wa kowa ba. Ya tsaya ya dubi ginin, bene ne mai ɗakuna jere kamar gidan tantabaru, ya ji wani daɗi a ransa wanda shi kansa ya san bai dace da mai bincike ba. Bamalli bai taɓa ƙaunar Alhaji Tanimu ba.

*

Washegari ya fara da wanda ake zargi. Ɗaki da falo ne a can ƙuryar gidan haya, an jera bokitai a ƙofa babu ruwa ko ɗigo. Matar Faruk, Tayyiba, tana zaune a kan tabarma da tsohon ciki, ta gaishe shi ba ta ɗago kai ba.

"Ina mai ruwa?" Bamalli ya tambaya.

"An ce masa ya riƙa tsallake mu, Baba."

Faruk ya fito daga ɗaki, idanunsa jajur. Bai fita aiki ba, don an sace iskar tayoyinsa biyu.

"Ka rantse za ka cike su," in ji Bamalli.

"Na rantse. Kai ma da ka ga 'yarka ana matse mata ciki ruwa na fita ta hanci, da ka faɗi abin da ya fi haka. Amma ban yi ba. Na yi niyya, wallahi na yi niyya, sai Tayyiba ta ce mu baƙi ne, mu bi a hankali."

"A ina ka kwana a daren da aka rufe su?"

"Nan. Shaidata ita ce, ita kuma an ce shaidar mata ga mijinta ba ta shiga."

Bamalli ya dubi ɗakin. An yi fenti, an kafa labule, ga gadon jariri sabo an jingine a bango. Wanda ya san neman ɗaki a Suleja ya san abin da ake nufi da a ce wa mai mata da tsohon ciki ya tashi cikin damina.

"Ɗakin ma da sauƙi, Baba," in ji Faruk, kamar ya ji abin da yake tunani. "Yau da asuba na yi sallama a masallaci, sahu guda, ba wanda ya amsa. Shekarata uku ina sallah da mutanen nan. Yashin da aka gyara alwalar masallacin da shi ni na kawo. In na tashi a haka, duk inda na je an koro ni ne."

Umaima ta leƙo daga bayan uwarta, tana tsotson yatsa. Bamalli ya ji tausayi ya kama shi, ya miƙe da sauri don kada a gani a fuskarsa.

*

Alhaji Tanimu na zaune a kujerar roba a gaban gininsa, waya biyu a cinya. Ya karɓi Bamalli da fara'ar da ta yi yawa.

"Ai magana a fili take, Bamalli. Yaro ya faɗa da bakinsa, ya kuma cika. Ni abin ya fi yi wa ciwo, ɗan hayata ne."

"An ce har ka sami wanda zai shiga ɗakin."

"Ɗaki a Suleja yana kwana babu mutum ne? Wani ma'aikacin banki ne, yaro natsattse."

"An kuma ce kai ka fi kowa son filin can."

Fara'ar ta ragu. "Ina so, ban ɓoye ba. Mutane na kwana a shago, a masallaci, a cikin mota, ku kuna gadin ramukan sauro. Shekara nawa rabon da a rina ko hula a wurin? Amma in zan karɓi fili, ta ofis zan bi, da rana tsaka. Ba na aikin ɓoye."

"Ƙasar da aka rufe su da ita taka ce."

Nan Alhaji ya ƙwala wa magininsa Chukwudi kira. Chukwudi haifaffen Suleja ne, Hausa a bakinsa kamar ta kowa. Ya kai Bamalli gindin tulin ya nuna masa inda aka ɗiba.

"An taɓa, gaskiya. Jiya da safe na lura. Amma dubi wurin, Baba, ɗan kaɗan ne. Ko harsashin bayan gida ba zai cika ba."

"Barukanku fa?"

Ya nuna masa su a cikin shago, an sarƙe su da kwaɗo. Duka masu tayar roba ne, faffaɗa. Babu mai ƙafar ƙarfe ko ɗaya.

Bamalli ya fito ransa a jagule. Ya so ƙwarai a ce Alhaji ne. Amma mai tifa da mai gini duk ba su da dalilin wahalar da kansu da tsohon baro, kuma duk ɓarawon da ya san abin da yake yi ba ya ɗiban ƙasa daga ƙofar gidansa.

*

Washegari ya je gaida Malam Khamis. Tun ranar da aka wayi gari an rufe rijiyoyin tsohon bai fito ba, ko masallaci, mutane na cewa baƙin ciki ne ya kwantar da shi. Tsakaninsa da Bamalli akwai abin da ya wuce maƙwabtaka. Tun da rini ya mutu, Malam Khamis ya mayar da ƙarfinsa ga maƙabarta, duk mamacin unguwar shi ke shiga kabari ya karɓe shi. Bara da Rabi'a matar Bamalli ta rasu, hannunsa ne ya kwantar da ita.

Ya same shi a zaure a kishingiɗe, warin man zafi ya cika wurin.

"Jiki ne, Malam?"

"Baya ne. Tsufa."

Suka taɓa gaisuwa. Bamalli ya ce ya zo ne ya ji ko akwai wanda yake zargi.

"Ba na zargin kowa. Abin da ya faru ya faru, Bamalli. Ka bar wahalar da ƙafarka."

"Yaron nan za a kora fa."

Malam Khamis ya juya fuskarsa bango. Da ya sake magana, kan rijiyoyin ya koma, muryarsa ta yi laushi. Ya ce ta gabas kakansa ne ya haƙa ta, ya shafe cikinta da laso, simintin mutanen da, har yau ko tsaga babu. Ya ce yana yaro akan ɗaura masa igiya a kugu a zura shi ya kwaso dattin baban rini daga ƙasa, in ya ɗaga kai sai ya ga sama ta zama kamar faifai.

"Zurfinsu ya kai haka?"

"Mutum biyu su hau kan juna, na sama ba zai leƙo ba."

Bamalli ya yi masa Allah ya sawwaƙe ya fito. Yana tafe maganar na juyawa a kansa. Rami mai tsawon mutum biyu, har huɗu. Wannan aikin tifa ne, ba sawu ɗaya ba kuwa. Amma ƙasar da aka ɗiba ko harsashin bayan gida ba za ta cika ba, in ji Chukwudi, kuma baro ɗaya ne ya yi jigilar. To ina sauran ƙasar ta fito?

Rana ta take, filin babu kowa sai awaki. Ya je kan tsibin gabas ya ɗaga sandarsa ya buga da gindinta. Ƙasar ta amsa masa da wani sauti mai zurfi, irin na ganga. Ya sake bugawa, ya bi sauran ukun, duk haka.

Ya durƙusa ya fara tonawa da hannu ta gefe. Bai kai kamu biyu ba ya tarar da laka, an kwaɓa ta an liƙe da tafin hannu. Ƙarƙashin lakar ganyen dogon yaro ne, bai gama bushewa ba. Ƙarƙashin ganyen kuma itatuwan marke, an jera su a bakin rijiyar ɗaya kai ɗaya gindi, ɗaya kai ɗaya gindi, sun haɗu tsam ko yatsa ba zai shiga ba. Ya zare guda ɗaya. Sanyi ya bugo shi daga ciki, ya jefa tsakuwa ya ji ta faɗa ruwa.

Ba a cike rijiyoyin ba. Rufe su aka yi, yadda ake rufe mamaci.

Bamalli ya zauna daɓas a ƙasa. Yanzu a garin nan masu rufe kabari da katako suke yi, wasu da bulo. Mutum ɗaya ne ya rage da ke jera marke kai da gindi, kuma Bamalli ya tsaya a kansa bara yana kallon hannuwansa, itace bayan itace, har fuskar likkafanin Rabi'a ta ɓace masa. Ya fi son a ce bai iya bin sawu ba.

Ya mayar da itacen, ya tura ƙasar ya daddaɓe. Daga nan ya wuce maƙabarta, don kada ya zalunci kowa da zato. A rumfar ajiye kaya ga tsohon baro mai ƙafar ƙarfe, jar ƙasa ta bushe a cikinsa, tarin marken da ake ajiyewa kuma ya ragu sosai.

*

Ranar Alhamis bayan la'asar ya koma zauren. Bai zauna ba.

"Malam, gobe zan buɗe ɗaya a gaban jama'a. Na zo ne in gaya maka da bakina, don kada ka ji a wurin wani."

Tsohon ya ɗago ya dube shi.

"Za ka kira suna?"

"Ba zan kira ba. Amma ba zan bari a kori yaron nan ba, ko da kai ne ka binne mini uwa da uba."

"Allah ya kai mu goben," in ji Malam Khamis.

*

Aka sauko daga Juma'a aka taru a gindin tsamiya. Mai unguwa na kan kujera, Alhaji Tanimu a damansa, Chukwudi a tsaye can baya. Faruk na zaune shi kaɗai a ƙarshen tabarma, an bar fili tsakaninsa da na kusa da shi kamar mai ƙyanda. Malam Khamis ya zo a ƙarshe yana dogara sanda, aka yi ta matsa masa wuri ana yi masa sannu.

Mai unguwa ya ce Bamalli ya faɗi abin da ya gani.

"Ranka ya daɗe, motar Faruk ba ta shiga filin nan ba. Ƙasar ta Alhaji ce, amma ba shi ya ɗiba ba, ba kuma yaransa ba. Saura kuma gara ku gani da idonku."

Ya karɓi fartanya ya nufi tsibin gabas, jama'a suka bi shi. Ya janye ƙasar, ya ɓamɓare lakar, ya kwashe ganyen, ya ja da baya.

Babu namijin da ke wurin da bai taɓa tsayawa a bakin kabari a unguwar nan ba. Suka dubi jerin marken. Surutu ya ɗauke ɗif, har ana jin kukan kurciya a kan tsamiya. Ɗaya bayan ɗaya kawuna suka fara juyawa wajen Malam Khamis.

"Ni ne," in ji Malam Khamis.

Ya matso bakin rijiyar, ya dogara da sandarsa da hannu biyu.

"Tun ranar da na ciro yarinyar nan ban yi barci ba. In na rufe ido sai in ji ƙafarta tana zamewa daga hannuna. Na shiga da yara da yawa cikin kabari, na san nauyinsu, ban so in san nata ba. Jami'ai sun ce kada a taɓa, ni kuma na riga na rantse a gabanku. In na ce a rufe, Alhaji zai ce shugaban kwamiti da kansa ya yarda wurin haɗari ne. Sai na ce bari in rufe su yadda ba za su lalace ba, ranar da baƙin za su zo in buɗe. Ko ƙwayar ƙasa ba ta faɗa ciki ba."

Wani ya zare itace biyu ya leƙa, ya ce wallahi ga laso nan lafiya lau. Sai wurin ya rikice da hamdala. Karofi na nan, fili bai tafi ba. Masu cewa ai Malam ya yi dabara suna yi, masu cewa dama sun san ruwa ba ya tsami banza suna yi, alhali su ne jiya suka hana mai ruwa tsayawa a ƙofar Faruk. Malam Khamis ya ɗaga murya ya ce ya rantse ko ɗansa ne zai bar unguwa, don haka shi zai tashi. Aka yi masa caa. Ina zai je? Gidan kakanninsa? Liman ya ce rantsuwa irin wannan kaffara ce maganinta, ya ciyar da miskinai goma magana ta ƙare. Mai unguwa ya ce alhamdu lillahi, tun da ba a yi ɓarna ba, kowa ya yafe wa kowa.

Bamalli na tsaye da fartanya a hannu yana kallonsu, kunya ta rufe shi kamar shi ya yi laifin. Hukuncin da aka yanka wa baƙo kora ne. Da ya faɗo kan ɗan gida, kafin a tashi daga tabarma ya koma kwanon tuwo goma.

"Ranka ya daɗe, ina da tambaya ɗaya."

Faruk ne. An ma manta yana wurin. Ya taso ya tsaya a gaban Malam Khamis, ya rage tsawo kamar yadda yaro ke yi wa babba.

"Baba, ka ji an ce ni ne. Ka ji an ce za a kore ni, da matata da cikinta. Gidanka ga shi ga namu. Me ya hana ka magana?"

Mai unguwa ya fara cewa ai magana ta wuce, Malam Khamis ya ɗaga masa hannu. Bamalli ya san mutumin nan shekara da shekaru, bai taɓa jin ya yi ƙarya ba, ya kuma roƙi Allah a ransa tsohon ya yi ta ko sau ɗaya yau.

"Da safen farko kunya ce ta hana ni," in ji tsohon. "Daga baya kuma na yi wa kaina lissafi. Na ce baƙo raɓa ne. Ko ba wannan ba, wata rana tashi za ka yi. Na ga kamar kai abin da za ka rasa ɗaki ne, ni kuwa sunana."

Da yawa a wurin sun sunkuyar da kai, don lissafin ba na Malam Khamis ne shi kaɗai ba.

Faruk ya gyaɗa kai a hankali. "Na gode da ka faɗa mini gaskiya. Sau biyu ka tsare mini 'yata, ranar da ka ciro ta da ranar da ka rufe ramin nan. Wannan ba zan manta ba har in mutu, Allah ya saka maka." Ya miƙa masa hannu biyu suka gaisa. Sannan ya ciro mabuɗi daga aljihu ya ajiye a kan tabarma a gaban Alhaji Tanimu, ya juya.

"Kai, Faruk, ai an wanke ka," in ji mai unguwa. "Zauna abinka."

Bai waiwayo ba.

*

Bamalli ya sami su Faruk a ƙofar gida. An riga an sa wa tifar iska, an loda katifa da buhunan kaya da tukwane. Tayyiba na zaune a gaban mota, Umaima a gefenta. Ashe tun safe suka gama ɗaure kayan, wani abokin aikinsa ya ba su ɗaki ɗaya can unguwar Iku kafin su samu wuri.

"Ɗana, ka yi haƙuri ka sauke kayan nan," in ji Bamalli. "Na yi yawon nan ne don ka zauna. Gobe da asuba kowa zai amsa sallamarka, har da waɗanda ba ka yi wa ba."

"Na sani, Baba. Za su amsa." Faruk ya ja igiya ya ɗaure. "Kai ka fitar da ni, zan tafi da sunana, ba korata aka yi ba. Wannan kai ka ba ni. Amma yanzu na san matsayina a nan. In gobe akuyar wani ta ɓata, ƙofata za a fara zuwa, kuma ba kullum za a kira ka ba."

Bamalli ya waiwaya. Can a gindin tsamiya jama'a na ta gardamar ko a bar rijiyoyin a rufe ko a buɗe kafin jami'ai su zo. Ba wanda ya taso.

Saura gado, yana jingine a bakin ƙofa, ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Faruk ya kama gefe guda ya dubi hagu da dama. Bamalli ya jingine sandarsa a bango, ya naɗe hannun riga, ya kama ɗaya gefen suka ɗaga.